Taron Masu Goyo a Karkarar Makoɗa: Daga Ranar Suna Zuwa Ranar Rigakafi

Ƙaramar hukumar Makoɗa, wadda hedikwatarta ke garin Koguna a arewacin jihar Kano, tana cikin irin ƙasar da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya bayyana a shekarun 1960 da karkara mai cunkoson jama'a, wato inda gonaki suka haɗe da juna babu daji a tsakani, ake kuma noma su kowace damina da taimakon takin gida ba tare da an bar su sun huta ba. Ƙidayar shekarar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum 222,399 a faɗin ƙasa mai murabba'in kilomita 441, ma'ana tun a wancan lokacin fiye da mutum 500 ne ke zaune a kowane murabba'in kilomita. A wuri irin wannan, inda dangar wani gida ke jingine da ta maƙwabci, da wuya a sami wanda zai yarda cewa mace mai goyo tana buƙatar a shirya mata wani zama na musamman domin ta gana da 'yan uwanta masu goyo. Sai dai yawan jama'a daban, samun wurin da uwa za ta buɗe baki ta faɗi abin da ke damun ta game da ɗanta daban, kuma wannan bambanci shi ne abin da wannan sharhi ya sa a gaba.

Al'adar Bahaushe ba ta taɓa barin mai jego ita kaɗai ba. Da zarar labarin haihuwa ya fita, matan dangi da na unguwa sukan fara shigowa barka, ranar da aka kwana bakwai kuma a yi suna, maza su taru da sassafe a ƙofar gida a yi addu'a a raba goro, mata kuwa su cika tsakar gida daga azahar zuwa almuru, kusan kowace da goyo a baya da yayayye a hannu. Babu wani taro a karkara da ke haɗa ƙananan yara da iyayensu mata kamar yinin suna, kuma abin da ke riƙe da shi har yau shi ne biki, wato gudummawar kuɗi ko sabulu ko atamfa ko kayan jariri da mace ke kai wa ƙawarta ko 'yar uwarta, wadda ita ma za ta riƙe lissafin abin a ranta har ranar da sha'ani ya taso a gidan waccan ta mayar da ƙari. Baba ta Karo ta yi wa Mary Smith bayanin irin wannan musayar kyauta tsakanin ƙawaye a tarihin rayuwarta da aka buga a 1954, kuma tsarin bai canja sosai ba sai dai kayan da ake bayarwa. Biki bashi ne na zumunci, saboda haka macen da ba ta zuwa sunan mutane ta san ranar nata gidan zai kasance fayau, miji kuma ya san hana matarsa zuwa suna abin magana ne a dangi. Wannan ya sa suna ya zama fitar da ba a cika jayayya a kanta ba.

Bayan suna sai a ci gaba da wankan jego har kwana arba'in, safe da yamma, da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya ko na tsamiya, a hannun wata dattijuwa, ko uwa ko gwaggo ko ungozoma, tare da kunun kanwa da nama mai yaji da aka yi imani suna mayar wa mace ƙarfinta su kuma kawo ruwan nono. Idan haihuwar fari ce, sau da yawa akan mayar da yarinya gidan iyayenta tun cikin ya tsufa, abin da ake kira goyon ciki, ta haihu a can ta yi wanka a can. Likitoci sun daɗe suna muhawara a kan wasu sassan wannan al'ada: a shekarun 1970 Davidson da Parry, waɗanda suka yi aiki a asibitin koyarwa na Zariya, sun danganta yawan ciwon zuciya na bayan haihuwa da zafin wanka da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta da gishirin da ke cikin kanwa, daga baya kuma binciken Farfesa Kamilu Ƙaraye a Kano ya ƙara jawo hankali ga talauci da ƙarancin sinadarin seleniyam a jikin matan. Duk yadda muhawarar ta kaya, abu ɗaya ba a musunsa, shi ne a cikin waɗannan kwanaki mai jego na samun hutu da abinci da mai ɗebe mata kewa, gatan da mata a manyan biranen duniya ke biyan kuɗi su samu. Ranar da ta yi arba'in sai ta ci ado ta saɓa jariri ta fita yawon arba'in, tana bin gidajen dangi tana godiya suna sa wa yaro albarka.

Daga nan kuma taro ya watse. A nan ne gurbin yake, domin duk kulawar da al'ada ta tanada an tattara ta ne a makonni shida na farko, alhali kuwa akwai wani lokaci mai hatsari da ke farawa idan yaro ya kai wata shida, lokacin da nono kaɗai ya daina isarsa, ya fara zama da rarrafe yana kai duk abin da ya tsinta baki, gudawa da zazzaɓin cizon sauro suna yi masa sallama a kai a kai, har zuwa yaye a wajen shekara biyu. A wannan tsakani ne tsumburewa ke kama yara, wato gajartar da ta wuce ƙa'idar shekarun yaro saboda daɗewa cikin ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan jinya, kuma illarta ba ta tsaya ga tsawo ba, tana taɓa ƙwaƙwalwa. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya sami kashi 37 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar a wannan hali, a shiyyar arewa maso yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Tsakanin arba'in da yaye babu wani sha'ani da al'ada ta keɓe wa uwa da ɗanta, shi kansa yayen kuma raba su ake yi, a kai yaro wurin kakarsa har ya manta da nono.

Akwai kuma batun wanda ke da bakin magana. A wajen suna ko barka, masu faɗa a ji su ne uwar miji da kaka da ungozoma, ƙaramar uwa kuwa tana can ƙuryar ɗaki ta sunkuyar da kai, musamman idan ɗan fari ne, wanda kunya ta hana ta kiran sunansa ko nuna ɗokinsa a gaban manya. Bai dace a raina ilmin waɗannan dattawa ba, domin su ne ke fara gane jaririn da idonsa ya yi ɗorawa ko wanda ya ƙi kama mama, kuma duk shirin da ya tsallake su ba ya yin nisa. Amma daga bakinsu ne kuma ake jin cewa a ɗura wa jariri ruwa saboda zafin bazara, ko a tatse dakashi a zubar, wato nonon farko mai kauri da ke ɗauke da garkuwar jiki, ko a kira wanzami ya cire beli, ko a ce gudawar haƙori ce za ta wuce da kanta. Yarinya 'yar shekara goma sha bakwai, ko da ta ji akasin haka a asibiti, ba ta da fuskar da za ta musa wa surukarta. Akwai kuma tambayoyin da sam ba a yin su a gaban suruka, irin su tsoron kwanika, wato samun wani cikin alhali ana goyo, ko ƙuncin zuciya da rashin barci da kan kama wasu mata bayan haihuwa, waɗanda sai a gaban sa'a ake iya furta su. Binciken na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kacal na jarirai 'yan ƙasa da wata shida ake shayarwa da nono zalla a faɗin ƙasar, kuma wanda ya san gidan Bahaushe ya san ba uwa kaɗai ke yanke wannan hukunci ba.

Ba a rasa hulɗa tsakanin matan aure ba, sai dai yawancinta ta bayan fage ce. Polly Hill ta rubuta a 1969 a kan cinikin ɓoye na matan ƙasar Hausa, Enid Schildkrout kuma ta nuna a binciken da ta yi a birnin Kano a shekarun 1970 yadda yara ke zama ƙafafun iyayensu mata da ke cikin kulle, su kai tallan ƙosai da ƙuli-ƙuli, su kai saƙo, su dawo da labari. Hatta adashi, wanda mata suka daɗe suna yi, ba ya buƙatar a haɗu, domin uwar adashi takan aika yaro ya bi gida-gida ya karɓo zubi, mai kwasa ta karɓi kuɗinta a ɗakinta. A wannan wuri ne wani gwaji da aka fara a yankin Maradi na Jamhuriyar Nijar a 1991 ya zo da sabon abu. Ƙungiyar agaji ta CARE ta gina tsarin Mata Masu Dubara a kan adashin da mata suka sani, amma ta ƙara masa sharaɗi guda, shi ne a zauna tare duk mako, a buɗe akwatin asusu a idon kowa, a ba da rance a rubuta ko a haddace. Tunda masu zubin yawancinsu masu goyo ne, zaman kuɗi ya zama zaman iyaye da 'ya'yansu ba tare da an kira shi da wannan suna ba, kuma daga ƙauyukan Hausawan Nijar tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Dalilin dorewarsa a fili yake: mace na da hujjar fita da za ta iya faɗa wa mijinta, miji kuma yana ganin amfanin abin a tukunyar gidansa.

Makarantun Islamiyya na matan aure su ma sun buɗe wata ƙofa da ba ta nan a da. Ko a zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, 'Yan Taru da ke zuwa ɗaukar karatu ƙarƙashin jagorancin jaji yawancinsu dattawan mata ne da ƙananan 'yan mata, masu haihuwa kuwa suna gida sai an kawo musu karatun. A yau matar aure kan ɗauki littafinta da jaririnta ta tafi makaranta da dare ko a ƙarshen mako, ana karatu ana shayarwa, kuma da wuya a sami mijin da zai fito fili ya ce ya hana neman ilmin addini.

Amma taron da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne wanda ba a ɗauke shi taro ba, wato ranar rigakafi a ƙaramin asibitin mazaɓa. Jadawalin rigakafin yara a Nijeriya yana buƙatar a kawo jariri lokacin haihuwa, sannan idan ya yi mako shida, da mako goma, da mako goma sha huɗu, sai wata tara, sai wata goma sha biyar. Mako shida kwana arba'in da biyu ne, ke nan allurar ta biyu tana faɗowa daidai lokacin da al'ada ta ba mai jego izinin fita, daidaituwar da ta isa a ce kowace ma'aikaciyar lafiya ta riƙa haɗa ta da yawon arba'in idan tana yi wa mata bayani. A kan bencin jira, ko a ƙarƙashin inuwar bishiya idan benci ya cika, mata daga unguwanni dabam-dabam na mazaɓu irin su Maitsidau da Satame da Wailare sukan zauna sa'o'i da katin yaro a hannu, kuma waɗanda suka haihu a wata guda za su sake haɗuwa bayan mako huɗu, su ƙara haɗuwa bayan wasu huɗun. Wannan shi ne kaɗai zaman da aka tsara bisa shekarun yaro maimakon dangantakar jini, babu suruka a kusa, babu kunyar ɗan fari. A nan ake jin wata na tambayar wata, "'Yar uwa, naki yana karɓar kunu kuwa?" ko "Me kika ba shi da ya yi zafin jiki bayan allurar da ta wuce?" Abin da aka saba shi ne malamar asibiti ta tsaya ta yi lacca a taƙaice, mata su amsa da to, a shiga kiran suna. Asarar da ake yi a nan ba ƙarama ba ce, domin an riga an tara mutanen, abin da ya rage kawai shi ne a mayar da jiran zama na da'ira inda iyaye za su yi magana, ma'aikaciya ta saurara ta gyara inda aka kauce. Akwai kuma tazara mai tsawo tsakanin allurar mako goma sha huɗu da ta wata tara, wadda in ban da ɗigon bitamin A na wata shida babu abin da ke dawo da uwa asibiti, alhali a cikinta ne ake fara ba yaro abinci.

Jihar Kano ta riga ta ga amfanin bin mata zuwa inda suke taruwa. Bayan dakatar da rigakafin shan inna a 2003 da dawo da shi a watan Yulin 2004, an shafe shekaru ana fama da gidajen da ke rufe ƙofa, har zuwa 2012 da aka fara amfani da mata 'yan sa-kai na cikin unguwa da tallafin UNICEF, waɗanda cikin ayyukansu akwai bibiyar masu ciki da halartar taron suna domin a ɗiga wa jariri da sauran yaran da aka zo da su maganin. An ga mai ɗauke da ƙwayar cutar ta asali na ƙarshe a jihar a watan Yulin 2014, a watan Agustan 2020 kuma aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ita. Ɓarkewar mashaƙo a 2023, wadda ta fi tsanani a Kano, ta nuna cewa nasarar ɗigon baki ba ta kai ga allurai na yau da kullum ba, waɗanda sai uwa ta taka da ƙafarta ta je.

Hujja daga wasu ƙasashe tana ƙarfafa wannan ra'ayi. A gundumar Makwanpur ta ƙasar Nepal an gwada haɗa matan ƙauye su riƙa zama duk wata, su da kansu su zayyana matsalolin ciki da haihuwa su kuma nemo mafita, sakamakon da aka buga a 2004 ya nuna mutuwar jarirai a watan farko ta ragu da kashi 30 cikin ɗari. Da aka haɗa gwaje-gwaje bakwai daga Nepal da Indiya da Bangaladash da Malawi a 2013, sai aka ga ragin na samuwa sosai ne a inda aƙalla kashi 30 cikin ɗari na masu ciki ke halartar zaman, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar amfani da tsarin a 2014. A kusa da gida, a yankin Mirriya na jihar Damagaram a Nijar, ƙungiyar ALIMA ta koya wa iyaye mata auna damtsen 'ya'yansu da ɗan zare mai launi uku, kore da ɗorawa da ja, inda jan ke nuna damtsen bai kai santimita 11.5 ba, alamar tamowa mai tsanani, kuma matan da ba su yi boko ba sun iya awon yadda ya kamata. Abu ne da za a iya koyarwa a zama ɗaya, a tsakar gida, kowace uwa ta gwada a hannun ɗan maƙwabciyarta.

Cikas ɗin da ke gaban irin wannan zama a Makoɗa sanannu ne. Na farko izinin miji, wanda ba a samunsa da gardama, shi ya sa a jihar Damagaram aka kafa makarantun mazaje tun wajen 2008 da tallafin asusun kula da yawan al'umma na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda magidanta ke tattauna lafiyar matansu a tsakaninsu. A Makoɗa kuwa liman da mai unguwa da majalisar ƙofar gida sun isa su yi wannan aiki idan an shigo da su tun farko. Wurin zama ma yana da tasiri, domin tsakar gidan wata dattijuwa da unguwa ke girmamawa ya fi ɗakin taron hukuma sauƙin shiga, lokacin kuma bai wuce tsakanin azahar da la'asar ba, kafin a ɗora sanwar dare. Babban abin da ke kashe ƙungiyoyin mata a karkara shi ne a kafa su a kan alawus ko rabon sabulu, domin ranar da shirin ya naɗe tabarmarsa ranar zaman ke mutuwa, yayin da wanda aka jingina da zubi ko karatu ko ranar allura ke da abin da zai riƙe shi. Su kansu yaran ba abokan wasa suka rasa ba, gidan gandu cike yake da su; abin da ya fi ƙaranci shi ne babba ya zauna ya yi wa yaro hira ya amsa gwarancinsa, domin da zarar an sami ƙani sai raino ya koma bayan yarinya 'yar shekara bakwai, wadda ita ma ta kan rasa makaranta saboda shi.

Sai batun damina, wanda ya fi duka wuya. Bukukuwa da yawan ziyara na rani ne, bayan an yi girbi an sayar da gyaɗa, amma jinyar yara ta fi tsanani daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da hatsin rumbu ya ja baya, sauro ya yawaita, hanyoyin ƙauye suka yi laka, mata kuma suka duƙufa dafa abincin 'yan gona. A waɗannan watanni ne ake bin gida-gida ana ba yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro sau ɗaya a wata, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012 domin ƙasashen Sahel. Maganin na kwana uku ne a jere, mai rabawa yakan ba da na ranar farko a gabansa, na kwana biyun da suka rage kuwa a hannun uwa ake barinsa, kuma a nan ne wata kan manta, wata ta ajiye shi sai yaro ya kwanta ciwo, wata ta raba wa yara biyu. Zaman mata goma ko goma sha biyar na unguwa ɗaya da aka sa ranarsa ta faɗo kwana ɗaya bayan rabon magani zai ba kowace damar zuwa da ƙwayar rana ta biyu ta ba ɗanta a gaban sauran, a auna damtsen yara a wuri guda, wanda zare ya nuna ja kuma a haɗa masa kuɗin babur daga asusu zuwa asibitin mazaɓa ko babban asibitin Ɗambatta tun kafin ƙafafunsa su kumbura.